Ina Nauyin Ya Zauna? Fashin Baƙi Kan Manhajar Tsara Lodin Tirela

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake yi wa tirela lodi, ko a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru ko a kasuwar Katako a nan Jos, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa tsakanin direba da shugaban 'yan lodi. An ɗora rabin kaya, rana ta take, sai direba ya zagayo ya duƙa ya leƙa sifirin, ya miƙe ya ce, "Baba, kayan nan fa ya yi baya da yawa." Dattijo ya share gumi ya ce, "Oga direba, tun ba a yaye ka ba nake lodin mota. Ja abarka ka tafi." Mai kaya na gefe yana duba agogo, ɗan kamasho ya riga ya soke nasa a aljihu. Babu mai son a sauke buhu 200 a sake jerawa, domin sabon kuɗin leburori ne, kuma babu wanda ya yarda daga aljihunsa zai fito. Haka motar za ta tashi, kowa na cewa Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ya hana a raba wannan gardama shi ne babu mai lamba a hannu. Direba na faɗin abin da sitiyari ya koya masa, dattijo na faɗin abin da idonsa ya gani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ban musa ba, sai dai ƙimar ce kawai. Manhajar tsara lodi, wadda manyan kamfanonin sufuri a duniya suka daɗe suna aiki da ita a kwamfuta, aikinta ke nan: ta yi lodin a allo tun ba a taɓa buhu ko ɗaya ba, ta faɗi nawa kowane rukunin tayoyi zai ɗauka. A allo, sake jera kaya kyauta ne. A filin lodi kuwa kuɗi ne da gumi da ɓacin rai.

A fara da sanin motar. Filat ita ce tirelar da bodinta fili ne shimfiɗaɗɗe, ba bango ba rufi, in an dace da ɗan allon ƙarfe a gaba. Tsawonta yakan kai ƙafa 40, wato mita 12 da 'yan kai, faɗi kuma kusan mita 2.5. Ita ce motar siminti da rodi da katako da kwanon rufi da bututu da janareto da taransifoma, duk abin da ake ɗorawa daga sama ko a sauke ta gefe. Mai lodin kwantena damuwarsa wuri: yaya zai cusa kwalaye kada a bar rami. A filat ba kasafai wuri ke ƙarewa ba, nauyi ne ke riga shi cika. Buhun siminti 600 masu kilo 50 tan 30 ke nan cif, amma in aka jera su a bodi da ƙyar su wuce ƙugun mutum. Fili na nan sama birjik, mota kuwa ta riga ta ƙoshi. Don haka tambayar filat ita ce: a ina za a ajiye?

Ka tuna yara biyu da aka aika ɗebo ruwa, suka rataya jarka a sanda, ɗaya gaba ɗaya baya. In jarkar na tsakiya, kafaɗunsu sun raba nauyin daidai. In babban ya yi wayo ya zamar da ita wajen ƙaramin, ruwan bai ƙaru da ko cokali ba, amma ƙaramin ne zai isa gida yana kuka. Tirela ma a kan kafaɗu biyu take. Ta gaba ita ce tantebur, farantin nan mai maiƙo da ke bayan kan mota, inda fin ɗin tirela ke shiga. Shi ke zuba nauyi a kan tayoyin da inji ke juyawa, ya ɗan taɓa na sitiyari. Ta baya kuma aksil biyu ko uku na tirelar kanta, wato sandunan ƙarfen da tayoyi ke maƙale a jikinsu hagu da dama.

Bari mu sa lamba don misali. A ce daga fin zuwa tsakiyar aksil ɗin baya mita 8 ne, bodin kuma ya fara mita 1 a gaban fin, ya ƙare mita 11 a bayansa. In aka baza tan 30 daidai wa daida daga farko har ƙarshe, cibiyar nauyin za ta faɗo mita 5 a bayan fin. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba: 30 sau 5, a raba da 8. Tayoyin baya sun ɗauki tan 18.75, kan mota ya ɗauki 11.25. To a ce 'yan lodi sun bar fili a gaba sun tula a baya, har cibiyar ta ja da mita 1 rak. Baya ya koma tan 22.5, gaba ya sauka zuwa 7.5. Taku ɗaya na ƙato ya kwashe tan 3.75 daga wannan kafaɗa ya aza a waccan, wato nauyin buhun siminti 75. Webil, wato takardar kaya, bai canza ba, har yanzu tan 30 aka rubuta. Kuma ban ma sa nauyin bodin kansa ba, shi ma tan-tan ne.

Kowane ɓangare da irin hukuncinsa. In nauyi ya yi gaba, sifirin ɗin kan mota ya kwanta, tayoyi su ɗau zafi, wata ta fashe a inda babu mai faci. In ya yi baya abin ya fi muni, domin tayoyin da ke jan motar sun rasa abin da zai danne su a ƙasa. A hawa ko a jiƙaƙƙiyar kwalta sai su yi ta juyawa a banza. A gangara kuma, da an taka birki su kulle, tirela ta turo kan mota ta naɗe shi gefe. Mu mutanen Jos ba a littafi muka karanta wannan ba. Garinmu na zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma kayan da ya taso daga Abuja ta Keffi da Akwanga sai ya hau Hawan Kibo kafin ya ga Riyom da Mararrabar Jama'a. A da jirgin ƙasa ne ke ɗauke wa hanya wannan wahala: ƙaramin layin Zariya ya iso nan a 1914, na Kafanchan kuma a 1927, duk albarkacin kuza. Yau duk abin da ya amsa sunan nauyi a bayan tirela yake hawowa, a bayanta yake sauka.

Shi ya sa doka ba ta tsaya a jimillar nauyi ba. Ƙa'idar da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a 2012 ta bi aksil ɗaya bayan ɗaya. Lambobin da aka fi ambata a cikinta su ne tan 11.5 ga aksil guda, da tan 51 gaba ɗaya, mota da kaya, ga tirela mai aksil 6. Gwamnatin tarayya ma ta fitar da nata ƙa'idojin a 2018 a kan manyan hanyoyinta. Ma'ana, mota na iya zama ƙasa da iyakar jimilla amma ta karya doka a aksil ɗaya. Dalilin wannan tsanani ya samo asali daga wani gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan kwalta har ta lalace ana aunawa. Abin da injiniyoyi suka ciro shi ne ɓarna ba ta bin nauyi kafaɗa da kafaɗa, tsalle take yi. In ka ninka nauyin aksil sau 2, ɓarnar da zai yi wa hanya takan kai wajen sau 16. Aksil da ya kamata ya ɗauki tan 11.5 aka ɗora masa 15, ya ci hanya kusan sau 3. In ka ga kwalta ta yi kunya-kunya a hannun hawa kamar gonar dankali a Bokkos, sawun irin waɗannan aksil ɗin ne.

To yaya manhajar ke aiki? Abu uku take nema a bakinka. Na farko motar: tsawon bodi da faɗinsa, inda fin yake, tazarar aksil, nauyin motar ba kaya, da iyakar abin da kowane aksil zai ɗauka. Wannan sau ɗaya ake shigarwa ga kowace mota, a adana. Na biyu kayan: kowane ƙunshi da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa da nauyinsa da adadinsa. Yawancin manhajojin na karɓar jeren kayan kai tsaye daga Excel, ba sai an yi ta bugawa ɗaya-ɗaya ba. Na uku sharuɗɗa, kuma nan ne sanin aiki ke shiga: wannan ba a ɗora komai a kansa, wancan ba a kwantar da shi, waɗannan tare za su sauka, wancan shi ne na farkon sauka. Da ka danna, sai ta fito da hoton motar da kaya a kai, kowane iri da launinsa, kana juya shi ta ko'ina, ga lambobin aksil a gefe. In ka ja wani ƙunshi gaba ko baya da hannunka, lambobin su canza nan take.

Kada a ɗauka wani sihiri ne, kuma kada a ɗauka amsar da ta bayar ita ce ƙarshen magana. Kaya 10 daban-daban ana iya jera su a layi ta hanyoyi 3,628,800. In suka kai 20, adadin ya haura biliyan biyu sau biliyan, kuma wannan kafin a tuna cewa kowane akwati na iya kwanciya ta fuska 6. Babu kwamfutar da za ta bi su duka ta gwada mota na jira. Sai ta bi dabara irin ta gogaggen mai lodi: manya da masu nauyi tukuna, a ƙasa, kusa da inda ake son cibiya ta zauna, sannan a cike da ƙanana. Ta gwada dubbai cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta zubar da waɗanda suka saɓa sharaɗi, ta miƙo maka mafi kyawun abin da ta samu. Abin da ta fi Baba da shi biyu ne: ba ta gajiya da gwaji, kuma ba ta mantuwa da lissafi in ana hayaniya a kanta.

Inda na ga ta fi cin kuɗinta shi ne lodin da za a sauke a wurare da dama. A ce Alhaji ya haɗa kaya a Dei-Dei, kasuwar kayan gini ta Abuja: buhun siminti 300 na wani ɗan kwangila a Akwanga, tan 15 ke nan, da tan 15 na tayil na shagonsa a nan Jos. 'Yan lodi suka sa siminti a rabin gaba, tayil a rabin baya. A motar misalinmu komai ya zauna daram: 11.25 a gaba, 18.75 a baya. Direba ya tashi yana murna. A Akwanga aka kwashe siminti. Abin da ya rage, tayil tan 15, cibiyarsa na mita 8 daga fin, wato daidai bisa tayoyin tirela. Kan mota bai ɗauki ko kilo ɗaya na kayan ba. Da wannan motar, mai sakayau a gaba da tan 15 a wutsiya, zai tunkari Hawan Kibo, wataƙila ma da damina. Lodin da yake lafiya lau da safe ya zama tarko da la'asar, ba tare da kowa ya ƙara komai ba.

Manhaja mai kyau tana lissafa motar a kowane zango, ba a wurin tashi kaɗai ba. A wannan misali mafita na da sauƙi: tayil a tsakiya, siminti a raba biyu, buhu 150 gaba, 150 baya. A cike lambobin ba su canza ba. Bayan Akwanga kuma kan mota na riƙe da tan 5.6, baya na da 9.4, mota ta hau tudu da ƙafafunta a ƙasa. Nan filat ta fi kwantena sa'a, tunda ta gefe ake sauke ta, babu dole sai na ƙofa ya fita kafin na ciki. Baba ma zai iya gano wannan in an gaya masa inda kowane kaya zai sauka. Matsalar sau da yawa ba a gaya masa.

Ban da gaba da baya, akwai hagu da dama, akwai sama da ƙasa. Kayan da ya rinjayi gefe ɗaya na cin tayoyin wannan gefen, kuma a kwana shi ke fara ɗaga ƙafa. Wanda aka tula sama kuwa, ko an raba shi daidai, yana ɗaga cibiyar nauyi, kuma da yawan tirelolin da ke kwanciya a shataletale ba gudu ne kaɗai ya kayar da su ba. Sai kuma kaya mai nauyi a ɗan ƙaramin wuri, irin taransifoma ko naɗin ƙarfe. Lambobin aksil na iya yin kyau, amma tan 12 a kan fili mita 2 ya lanƙwasa bodi. Wannan sai an shimfiɗa masa katakai masu kauri su raba nauyin a kan manyan ƙarafan shasi, kuma ba kowace manhaja ke duba shi ba.

Sunayen da mai nema zai ci karo da su a intanet sun haɗa da EasyCargo da Goodloading da Cube-IQ da CargoWiz. Akwai kuma waɗanda suka fi karkata ga lissafin aksil da ginin motar kanta, irin TrailerWIN da TruckScience. Ba tallar kowa nake yi ba, kuma kafin mutum ya biya ya kamata ya san cewa akasarin na rukunin farko don kwantena da motoci masu bango aka fara gina su. Duniyarsu ta akwatuna ce. Tankin ruwa, bututu, injin niƙa mai ƙafa uku, duk sai ka yi musu akwatin ƙarya ka shigar, kuma manhajar za ta ɗauka nauyin na tsakiyar akwatin, alhali janareto ya fi nauyi ta wajen inji. Tana kuma jera kaya har bakin bodi kamar akwai bangon da zai tare su. Don haka a lokacin gwaji na kyauta, wanda da yawansu ke bayarwa, abin dubawa shi ne: tana nuna nauyin aksil? Tana karɓar kayan da ya zarce bodi? Tana bin zango-zango? Kuɗin kuma yawanci da dala ko yuro ake biya, wata-wata ko shekara-shekara, kuma kowa ya san yadda naira take tun 2023.

Yanzu ga abin da hoton allo ba ya yi: ba ya ɗaure kaya. A filat, bel da sarƙa su ne bangon motar. Ƙa'idar Turai ta ɗaurin kaya da ta Amurka sun haɗu a kan lamba ɗaya: ɗauri ya iya tare turin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan zuwa gaba, lokacin birki mai tsanani, da kashi 50 zuwa gefe da baya. Kaya tan 10, in an taka birki da gaske, yana neman gaba da ƙarfin tan 8. Maganar nan da ake yi a tasha, wai "ai nauyinsa ma ya isa ya riƙe shi", ƙarya ce mai kashe direbobi. Gaskiya ne nauyi na ƙara riƙo tsakanin kaya da bodi, amma daidai gwargwado yake ƙara turin. Tan 1 da tan 20 a lokaci ɗaya suke fara zamewa in shimfiɗarsu ɗaya ce. Bambancin kawai abin da za su yi in sun iso bayan kan direba. Duk wanda ya taɓa ganin rodi ya huda kan mota ba ya son a tuna masa.

Abin da ke canza lissafi shi ne santsi. Ɗauki akwatin ƙarfe tan 10 a kan bodin katako, inda riƙon ke wajen kashi 30 cikin 100 na nauyi, babu abin da ya tokare shi a gaba. In da bel ɗin da ake jefawa ta sama a matse za a dogara, kowane na matsawa da ƙarfin kilo 400, lissafin ƙa'idar Turai zai nemi bel 26. Wa ke yawo da bel 26? Amma a shimfiɗa tabarmar roba ta hana santsi a ƙarƙashi, riƙo ya tashi zuwa kashi 60, adadin ya faɗo zuwa 6. A jingina kayan da allon gaba mai ƙarfi, ko a tokare shi da katako, ko a ja sarƙa kai tsaye daga jikinsa zuwa bodi, buƙatar ta ƙara sauka. A nan tsarin lodi da ɗauri ke karo da juna: lissafin aksil na so a ja kaya baya kaɗan daga allon gaba, ɗauri kuma na so a manna shi da allon. Maganinsa a cike tazarar da katakai ko fanko masu ƙarfi. Wannan hukunci na mutum ne. A Amurka doka ta ce direba ya tsaya ya duba ɗauri cikin kilomita 80 na farko, sannan duk bayan awa 3 ko kilomita 240, domin kaya na zama, bel na saki. Wanda ya taso daga Dei-Dei, wajen Keffi ke nan ya kamata ya sauko ya ja kowane bel da hannunsa, ba ya aiki yaron mota ya leƙa ba.

Sai babbar matsalarmu, wato gaskiyar lambobin da ake ba ta. Manhaja ba ta da hanci, ba ta san ɗanyen katako da busasshe ba. Siminti da sauƙi, kilo 50 ne. Rodi ma ana iya lissafa shi: mai kauri milimita 12 da tsawon mita 12 ya kai kilo 10.7, kusan guda 94 a tan, mai milimita 16 kuma kusan kilo 19, guda 53 a tan. Amma wannan in rodin ya cika kaurin da aka kira shi da shi, abin da duk ɗan kasuwar kayan gini ya san ba kullum ba ne. Katakon da aka yanko jiya daga daji ya fi wanda ya sha iskar hunturu a Katako nauyi nesa ba kusa ba. Bulon da ya kwana a ruwa daban da na rani. Buhun masara da ake kira na kilo 100, wa ya auna shi bayan an ɗinka masa hula? Ga kuma motocin kansu: da yawa tsofaffin Turai ne da aka ƙara wa bodi tsawo, aka ƙara ganyen sifirin, wani ma aka dasa aksil a gareji. Lambobin da ke takardar kamfanin da ya ƙera ta sun daɗe da zama tarihi. In ka ba manhaja waɗannan, za ta ba ka hoto mai kyau da amsa marar amfani, kuma ta fi ƙiyasin ido haɗari, domin ita ta zo da lamba har da ɗigo, mutane su saki jiki. Mataki na farko kafin sayen kowace manhaja shi ne tef da sikeli: a auna motar, a hau da ita sikelin manyan motoci ba kaya, aksil-aksil in da hali, a rubuta.

Akwai kuma zancen da ba a so a yi a gaban mai mota. Kuɗin sufuri a nan bisa buhu ko bisa tafiya ake biya, gas ya yi tsada, hanya cike da masu miƙo hannu. Duk buhun da aka ƙara riba ce a ido. Manhajar da za ta ce wannan kaya na mota biyu ne ba za ta yi farin jini ba, kuma ina tsoron wasu su mai da ita kayan aikin cusa ƙari, su ɗaga iyakar aksil a allo har jan gargaɗin ya ɓace. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Abin da mai mota zai sa a ɗaya hannun sikeli shi ne kuɗin taya guda a yau, da ganyen sifirin, da kwana 3 da mota za ta yi a gefen hanya ana gadin kayan mutane. Mutanen da ake ɗorawa a saman kaya kuwa, waɗanda hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ke ta yaƙi da ɗaukarsu, babu manhajar da ke da gurbinsu, kuma daidai ne da babu.

A ganina ba kowa ke buƙatarta ba. Mai motar da aikinta siminti ne kullum, buhu 600 daga masana'anta zuwa sito, lissafi ɗaya ya ishe shi har motar ta tsufa. Ya sa wanda ya iya ya yi masa sau ɗaya a Excel, ya san inda layin farko zai fara. Wanda za ta yi wa rana shi ne mai haɗa kayan mutane daban-daban, da kamfanin gini mai kai injuna wurin aiki, da mai motoci da yawa wanda ke son sanin mota nawa zai tura kafin ya faɗi farashi. A wurin irin waɗannan, gano tun a ofis cewa kaya zai shiga mota 3 maimakon 4, ko cewa ba zai shiga 3 ɗin ba kafin a yi alkawari, ya biya kuɗin shekara.

Saura yadda tsarin zai sauko daga allo zuwa filin lodi, inda babu kwamfuta kuma ba kowa ke karanta Turanci ba. Hoton ake turawa ta WhatsApp ga direba da shugaban 'yan lodi, daga sama da daga gefe, kowane kaya da launinsa, tare da saƙon murya da Hausa. Kuma a tura tun da wuri, Baba ya gani ya faɗi nasa, domin shi ya san cewa tayil ɗin nan kwalayensa sun jiƙe ba za su ɗauki hawa biyar ba, kuma ƙugiyar bel ta uku a hagu ta karye tun bara. In ya ce a gyara, a koma allo a gyara a ga abin da lambobi suka ce. Abu na ƙarshe gwangwanin fenti ne da buroshi. A bi gefen bodin daga gaba, kowace mita a ja layi a rubuta lamba, 1 har zuwa 12, hagu da dama. In takarda ta ce tayil ya fara daga 3 ya tsaya a 9, yaron da ke saman mota ya leƙo ƙasa ya ga 3 ɗin da idonsa, ya ajiye kwalin farko a kanta.